Farfelun ɗan jirgina sun ɓace, wanne zan saya?

Tambaya: Kawuna ya bar mini ɗan jirgin roba na ado, samfurin DC-3, amma yara sun cire farfelunsa biyu. Na tsinci ɗaya a ƙarƙashin kujera, ganye guda ya karye. Na ga ana sayar da farfelar jirgi maras matuƙi da araha, in saya in liƙa?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna, ɗauko tef ɗin tela. Auna daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin. DC-3 na gaske, jirgin saman fasinja mai inji biyu wanda ya fara tashi a 1935, faɗinsa kusan mita 29 ne. In ka sami santimita 40, sikelin jirginka 1:72 ne, wato na gaske ya ninka shi sau 72. In 20 ne, 1:144. In ya kai 60, to 1:48. Wannan lambar ce za ka je kasuwa da ita. Farfelar jirgin na gaske ta kamfanin Hamilton Standard ce mai ganye uku, kamar fankar sama, faɗinta mita uku da rabi. A sikelin 1:72 ba ta cika santimita 5 ba. Ta jirgi maras matuƙi kuwa don tashi aka ƙera ta, siffarta daban, kuma ana haɗa ta ne wata na juyawa dama wata hagu, alhali injinan DC-3 duka gefe ɗaya suke juyawa. Ka liƙa ta, ko daga bakin ƙofa za a gane aro ce.

Leƙa cikin jirgin ko ƙasan mariƙinsa, sau da yawa sunan kamfani na nan. In Airfix ne ko Revell, suna da sashen kayan gyara, sai dai ba kowane tsohon samfuri suke ajiye wa ba, kuɗin aikowa kuma kan ninka na kayan. Akwai masu zuba farfela da resin (wani ruwa mai daskarewa ya yi tauri kamar roba), irin su kamfanin Quickboost. Tasu ta fi kyau, amma gam ɗin roba ba ya kama ta, sai supa gulu.

Ni da nawa ne, biyu zan saya, in ajiye tsohuwar. DC-3 ya yi amfani da ganye siriri da kuma mai faɗi kamar ludayi, in ka haɗa sabuwa da tsohuwa sai jirgin ya zama kamar mai takalmi wari da wari.

In oda ta gagara, wannan karyayyiyar ita ce ma'auninka. Ɗora ganyenta a kan tsohon katin roba, zana, yanke guda shida, goge gefuna da samfefa, ka ɗan tsoma a ruwan zafi ka murɗa kowanne kaɗan, duk gefe ɗaya. Na farko da na biyu za su lalace, kada ka damu. Ƙusar tsakiya kuma guntun tsinken sakace ya isa, amma kada ka sa masa gam sai ka gwada ka ga ganyen bai taɓa jikin jirgin ba.