Amsa ga mai tambaya kan ƙiyasin kaso a siffar da aka shafa wa launi

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta tambayarki, cewa yaronki ɗan aji biyar in aka nuna masa da'ira ko murabba'i da aka shafa wa wani sashe launi, aka ce ya ƙiyasta kashi nawa ne cikin ɗari, sai kawai ya jefa lambar da ta zo masa a baki. Na daɗe ina koyar da lissafi a firamare, kuma da wuya in riƙe aji ban ci karo da wannan ba. Ki kwantar da hankalinki, kansa na ja. Idonsa ne bai samu madogara ba tukuna.

Ni nakan hana yaro furta lamba da farko. Sai ya zagaye siffar gaba ɗaya da yatsa ya ce wannan ita ce ɗari. Sannan in tambaye shi: launin ya kai rabi ko bai kai ba? In ya ce bai kai ba, to ya wuce kwata? Rabi 50 ne, kwata 25, kwata uku 75. In ya ce ya wuce, da tambayoyin nan biyu ya riga ya san amsar tana tsakanin 25 da 50, saura ya duba wanne ta fi kusa da shi. In zaɓin da aka ba shi 10, 40, 65 da 90 ne, kin ga aiki ya ƙare.

Ki ba shi takarda ya ninke biyu, ya sake ninkewa, ya buɗe ya rubuta 25 a kowane gida. Abin da hannu ya ninke ya fi zama a kai. Don da'ira kuwa, agogon bango ya isa: minti 30 rabi, minti 15 kwata, minti 6 kashi 10.

Inda nake so ki fi sa ido shi ne ƙirga yanka ba tare da duba girmansu ba. Wannan ni ma na taɓa jawo wa ɗalibaina shi, domin zango guda na yi ina zana musu siffofi masu yanka daidai wa daida. Ranar da na kawo alwatika mai tsini a sama, na ja layi a kwance daidai tsakiyar tsayinta, na shafa wa saman launi, kusan duk ajin suka ce 50, tunda yanka biyu ne an shafa ɗaya. Abin ya dame ni ƙwarai, don ni na saba musu da hakan. Sai na raba ƙasan zuwa ƙananan alwatika uku, kowacce girmanta ɗaya da ta saman. Suka ƙirga huɗu, ɗaya ce mai launi, wato 25. Wata yarinya ba ta yarda ba sai da ta yanka da almakashi ta ɗora su a kan juna. Tun ranar nake cakuɗa musu yanka manya da ƙanana. Ki gwada masa wannan alwatikar ki ga me zai ce.

In launin a warwatse yake a cikin murabba'i, ku raba murabba'in zuwa gidaje goma a tsaye goma a kwance, ɗari ke nan, kowane gida kashi 1. Ya ƙirga cikakku, ya haɗa rabi da rabi su zama ɗaya. In kuma launin ya cinye kusan duka, ya ƙiyasta farin da ya rage ya cire daga 100, ya fi sauƙi. Sulusi ma ki koya masa, wajen 33 ne, yara da yawa 30 suke cewa.

Don Allah kada ki ce masa ya yi kuskure in amsar 40 ce ya ce 35. Ƙiyasi aka tambaya. Ki ce ya nuna miki yadda ya kai ga 35 ɗin, a bayaninsa za ki gane ko ya kama hanya. Minti goma a rana da siffa uku ko huɗu sun wadatar. In akwai wadda ta gagare ku, ki ɗauki hotonta ki turo mu duba tare. Allah ya yi masa albarka, ya buɗa ƙwaƙwalwarsa.