Ukasha sunan sahabi ne, ki kwantar da hankalinki

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya raya mana shi a kan Sunna. Kin ce maigidanki yana son a raɗa wa jaririn Ukasha, ke kuma kin duba a intanet kin ga wai ma'anarsa gizo-gizo, hankalinki ya ƙi kwanciya, ga ranar suna ta matso. Ɗana na uku sunansa ke nan, shi ya sa na ga ba zan wuce ban ce komai ba.

Abin da kika gani haka yake. Tushen kalmar a Larabci shi ne abu ya yi yawa har ya cukurkuɗe, irin gashi ko tsiro, daga nan aka kira gizo-gizo da saƙarsa da wannan suna. Ana cewa Ukkasha da shadda, ana cewa Ukasha, duka daidai ne. Na kuma san inda zuciyarki ta tafi: mu da an ce gizo sai Gizon tatsuniya ya faɗo mana, mijin Ƙoƙi, sarkin wayo da cuta. Larabawa ba su da wannan a ransu. Sukan sa wa 'ya'yansu maza sunan dabba ko abu mai kaushi: Sakhru dutse, Sa'alaba yanyawa, Hanzala ɗan itace mai ɗaci.

Annabi (SAW) kuwa ba ya ƙyale mummunan suna. Ya mayar da Barra ta zama Zainab, ya mayar da Asiya mai harafin sadi, wato mai saɓo, ta zama Jamila. Amma ya zauna da Ukasha ɗan Mihsan shekara da shekaru bai taɓa sunansa ba, da shi yake kiransa. Ni wannan ya ishe ni hujja.

Ukasha mutumin Banu Asad ne, yana cikin waɗanda suka musulunta tun a Makka, ya yi hijira, ya halarci Badar da Uhudu da Handaƙ. Masu tarihi sun kawo cewa takobinsa ya karye ranar Badar, Annabi ya miƙa masa itace, ya girgiza shi ya zama takobi. Amma abin da ya fi ɗaukaka sunansa hadisin nan ne na Buhari da Muslim. Annabi ya ba da labarin mutum 70,000 daga al'ummarsa da za su shiga Aljanna ba hisabi. Ukasha ya miƙe ya ce a roƙa masa Allah ya sa shi cikinsu, Annabi ya ce yana cikinsu. Wani ya tashi shi ma ya nema, sai aka ce masa Ukasha ya riga shi. Har yau Larabawa suna faɗin wannan magana idan an riga mutum ga wani alheri. Ki kuma lura, cikin siffofin mutanen nan da hadisin ya lissafa akwai cewa ba sa camfi, ga Ubangijinsu suke dogara. To bai kamata a ce sunan wannan bawan Allah muka camfa ba.

Ya yi shahada a shekara ta 11 bayan hijira, zamanin Sayyidina Abubakar, a yaƙin ridda. Khalid ɗan Walid ne ya tura shi leƙen asiri tare da Sabit ɗan Aƙram wajen wani wuri da ake kira Buzakha, Ɗulaiha mai da'awar annabci da ɗan'uwansa suka kashe su.

Abu biyu za ki ci karo da su. Tsofaffi za su ce ya yi kama da sunan mace. Haka kakar ɗana ta ce, sai da babansa ya tuna mata Hamza da Usama da Huzaifa, sunayen maza masu irin wannan ƙarshe, sannan ta sauko, yanzu Ukashatu take kiransa. Na biyu rubutu: mu an rubuta mana Ukashat a takardar haihuwa, Ukasha a makaranta, muka sha zirga-zirga lokacin rajistar jarrabawa. Ku tsayar da rubutu ɗaya tun a asibiti, ki tsaya a kan ma'aikacin har ki ga abin da ya rubuta da idonki.