Wakilan manhaja dubu biyu suna durƙusar da rumbun bayanai: ina mafita?

Malam, ka ce kana da ƙananan manhajoji wajen dubu biyu masu ɗauko bayanai, wato wakilai, kuma da sun tashi tare sai rumbunka ya tsaya cak. A ganina rashin layi ne ya jawo haka.

Ka sa musu layin saƙonni, irin RabbitMQ ko Kafka, manhajojin da ke jera ayyuka suna miƙa su bi da bi. Kowane wakili ya ɗauki aiki ɗaya, ya gama, ya sanar, sannan ya karɓi wani. Ka kuma ƙayyade nawa za su taɓa rumbun a lokaci guda.

Inda aka fi yin kuskure shi ne sake gwadawa. In saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da rumbun, ta faɗi, dukkansu suka dawo a daƙiƙa ɗaya, za su sake kayar da ita. Sai kowanne ya riƙa ninka lokacin jiransa, ya ƙara 'yan daƙiƙu ba bisa tsari ba, don su warwatsu. Saƙo kuma kan iso sau biyu, saboda haka ka ba kowane aiki lambarsa, kada a rubuta shi sau biyu.

Zaɓen jagora tsakanin wakilai kuwa, wato tsarin da ke fitar da wakili ɗaya ya jagoranci sauran, don Allah kada ka rubuta da kanka. Yi amfani da etcd, ma'ajin bayanan daidaita aiki tsakanin kwamfutoci, wanda Kubernetes (tsarin sarrafa manhajoji a kan kwamfutoci masu yawa) ma ke dogara da shi. In aikin ya shafi kuɗin mutane, nemi ƙwararren injiniya ya duba tsarin kafin ka sake shi.