Na bar suga na koma zuma da dabino, amma sugan maigida bai sauka ba

Tambaya: Salamu alaikum likita. Tun da aka ce maigidana yana da ciwon suga na daina sayen suga a gidan. Shayi da zuma nake haɗa masa, kunu da mazarƙwaila, zoɓo kuma in markaɗa dabino in zuba. Amma duk gwajin da aka yi sai a ga sugan na sama. Ko in koma wa 'yan ƙwayoyin zaƙin nan na kemis? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da alheri.

Sugan bai bar gidanki ba, riga kawai ya sauya. Mazarƙwaila ruwan rake ne aka dafa har ya daskare, wato suga ne da ba a tace ba. Zuma kusan kashi 80 cikin 100 nata suga ne, busasshen dabino kuwa wajen kashi biyu cikin uku. Ba na ja da albarkar zuma, amma jini ba ya tambayar inda zaƙi ya fito. Shi ya sa a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa zuma a sahun suga, ta ce ko mai lafiya ya fi masa kyau kada ya wuce kimanin giram 25 a yini, ƙaramin cokali shida ke nan. Dabinon nan ma gara ya tauna ɗaya ko biyu da a markaɗa. Mutumin da ba zai zauna ya cinye goma ba, a kofin zoɓo sai ya kwankwaɗe su bai sani ba.

Ƙwayoyin kemis ba sa ɗaga sugan jini, kuma zai iya amfani da su daidai misali. Sai dai ki juya kwalin ki karanta, don ba iri ɗaya ba ne. Asfatam ya ninka suga zaƙi kusan sau 200, amma wuta na kashe zaƙinsa, saboda haka sai kin sauke shayi ya ɗan huce za ki jefa. Sukuralos ya fi jure zafi. Sitibiya daga wani ganye na Kudancin Amurka ake samo ta, tana barin ɗan ɗaci a maƙogwaro idan ta yi yawa, kamar sakarin ɗin da wasu masu zoɓon sayarwa ke zubawa. Idan kin ga an rubuta sobitol ko zailitol, ki yi hattara, yawansu na kawo kumburin ciki da zawo. Kuma kada ke ki ɗauka don rage ƙiba. A 2023 hukumar ta ba da shawarar kada a yi amfani da su don wannan, ko da yake shawarar ba ta shafi masu ciwon suga ba.

A fanke da cincin ƙwayoyin ba za su gamsar da ke ba, tunda suga ne ke ba su launin nan na ja. Can ma fulawar ce babbar matsala. Haka kunu: geron kansa suga yake zama a jiki, ko ba ki sa komai ba, don haka kofin za a rage.

Ni a ganina harshe za ki horar. Ki riƙa rage zaƙin kaɗan-kaɗan duk mako, ki cika zoɓon da citta da kanumfari da na'ana'a, shayin kuma da kirfa. Da farko zai yi ƙorafi, daga baya da kansa zai ce na waje ya yi masa zaƙi.

Idan yana allurar insulin ko maganin da ke saukar da suga da ƙarfi, ki ajiye suga na gaske a ɗaki. Ranar da kika ga yana karkarwa da gumi, alamar sugansa ya sauka da yawa, kuma yana cikin hayyacinsa, ki dama masa ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a ruwa ya sha. Ƙwayar kemis ba za ta yi masa komai ba a lokacin. Idan ya suma kada ki ɗura masa komai, a wuce asibiti.