Amsa ga ɗan'uwan da tari ya addaba a aikin hatsi

Ɗan'uwa, da na karanta cewa aikin juye hatsi kake yi, tari ya ƙi barinka wata 4, kuma gwajin majina bai nuna tarin fuka ba, sai na ji kamar labarina kake bayarwa. Shekara 9 na yi ina juye masara da dawa a wani sito a Dawanau.

Nawa ya tsananta ne a damina, ranar da maigidana ya sa muka buɗe buhunan masarar da aka ɗura da sauran danshi, ta yi fumfuna kore-kore har tana ɗumi a hannu. Ban jima da kwanciya ba zazzaɓi da haki suka taso mini. Daren da ba zan manta ba shi ne wanda na yi kaki a bayan ɗaki, na haska da fitilar waya na ga jini. Da na gaya wa maigidan, cewa ya yi lalaci ne, kafin mako ya zagayo ya sa wani a gurbina, bai ko aiko a duba ni ba, mutumin da na yi wa dako tun ina saurayi. Abokan aiki ma suka ware mini kofi.

Sai da aka yi mini hoton ƙirji na CT da gwajin jini aka gano Aspergillus, wato fumfunar hatsi, ta zauna a ramin da tsohon tarin fuka ya bar mini a huhu. Wata 6 na yi ina shan itraconazole, maganin kashe fumfuna, kuma tsadarsa ta sa na sayar da tumakina.

Don Allah ka gaya wa likita sana'arka ko bai tambaya ba, ka faɗa masa ko kana samun sauƙi a ranakun da ba ka je sito ba, domin ƙurar kaɗai tana kumbura huhu ko babu fumfuna a cikinsa. Madarar da muke sha da yamma ciki take tafiya, ba ta wanke huhu, rawani ma ba ya tare wannan ƙura, sai takunkumin N95. Kada ka karɓi ƙwayoyin kemis barkatai, kuma kada ka kwana a siton da aka sa wa wake ƙwayar maganin ƙwari. Idan ka ga jini, ka tafi asibiti a ranar. Allah Ya ba ka lafiya.