Tambaya da Amsa: Makaɗan Buluz na Misisipi da Kunnen Mai Sauraron Gurmi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙasar Auyo. Ƙanena da ke karatu a Amurka ya turo mini bidiyon wani bikin kiɗa da ya halarta a ƙarshen mako a jihar Misisipi, inda ƙungiyoyin makaɗa na garuruwan yankin suke hawa dandamali ɗaya bayan ɗaya tun da hantsi har dare. Ya ce sunan kiɗan buluz. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wani dattijo baƙar fata da ya zauna shi kaɗai da jita yana kaɗawa yana waƙa, har mahaifinmu da ya ji ya ce ai wannan hannun masu gurmi ne. Shin daga wurinmu aka kai kiɗan nan? Kuma me ya sa aka cika wurin da makaɗan ƙauye?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka gaishe mini da Baba, ka ce masa kunnensa bai yaudare shi ba, domin abin da ya ji cikin minti kaɗan shi ne abin da masana kiɗa suka yi shekaru suna muhawara a kansa. Amma kafin mu kai ga batun asali, ya kamata a san mutanen da suka yi kiɗan da kuma halin da suka yi shi a ciki.

Buluz ya tashi ne a kudancin Amurka wajen ƙarshen ƙarni na 19, a tsakanin 'ya'ya da jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka. An haramta bauta a ƙasar a 1865, sai dai yawancin waɗanda aka 'yanta ba su da gona ko taƙi ɗaya, saboda haka suka zauna a gonakin auduga na Turawa bisa wani tsari: mai gona ya ba da ƙasa da iri da abinci bashi, bayan girbi a raba amfani, kuma littafin lissafin yana hannun mai gonar. Mutum zai yi shekara yana noma, a yi lissafi a ce masa har yanzu shi ake bi. A cikin wannan ƙunci ne aka riƙa waƙe bashi, da tafiya neman aiki, da rabuwa da mata, da kurkuku, da ƙwaron da ke cinye auduga. Kai da kake zaune a kwarin kogin Haɗejiya za ka fi kowa fahimtar dalilin da ya sa babbar ambaliyar kogin Misisipi ta 1927, wadda ta raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu, ta shiga bakin makaɗa irin su Charley Patton. Yadda ake gina waƙar ma mai sauƙin ganewa ne: mawaƙi ya faɗi ɗango ɗaya, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku da zai warware maganar, kuma a tsakanin kowane ɗango jitar ce take yi masa amshi.

To, batun kamanni. Wani Bature ɗan Ingila, Paul Oliver, ya rubuta a 1970 cewa idan ana neman tushen buluz a Afirka, bai kamata a nufi bakin teku inda manyan ganguna suka yi yawa ba, sai dai a nufi ƙasashen da ke kudu da Sahara, inda makaɗi ɗaya yake riƙe abin kiɗa mai tsirkiya yana waƙa shi kaɗai. Daga baya Gerhard Kubik, ɗan ƙasar Austiriya da ya daɗe yana bincike a Afirka, ya faɗaɗa wannan magana a 1999, kuma yankin da ya nuna ya haɗa da arewacin Nijeriya da arewacin Kamaru. Hujjojinsu su ne lanƙwasa murya da jan ta a kan gaɓa ɗaya, da tsayawa a kan amo guda ana jujjuya shi, da kuma makaɗin da yake zaman kansa ba tare da taron 'yan amshi ba. An kuma lura cewa a wasu sassan Amurka an hana bayi mallakar ganga, kamar dokar da aka yi a Karolina ta Kudu a 1740 bayan wani bore, saboda tsoron kada su riƙa aika wa juna saƙo da ita, alhali ba a damu da mai kaɗa tsirkiya ba. Banjo kuwa, wadda ta riga jita shiga hannun baƙaƙen Amurka, babu gardama cewa dangin molo da garaya da gurmi ce: ƙwarya ko duma, a rufe da fata, a soka sanda. A da, har yaran ƙauyen Misisipi sukan kafa waya ɗaya a jikin bangon ɗaki suna kaɗa ta suna goga mata kwalba, kuma da yawa daga manyan makaɗan da ita suka fara.

Sai dai ina jan kunnen masu saurin cewa kiɗanmu ne aka sace. Bayin da aka kai Amurka sun fito daga ƙabilu da yawa, daga Senigal har Angola, kuma an yi sama da shekara 200 suna cakuɗuwa da juna da waƙoƙin coci da kiɗan Turawa kafin a fara jin abin da ake kira buluz. Dangantaka ce ta kakanni, wadda ta bi ta hannuwa da yawa. Akwai kuma bambancin da mai sauraro zai gane da ya fahimci kalmomin. Makaɗin Hausa yawanci yana da ubangida, ko sarki ko attajiri ko ɗan dambe ko manomi, kuma shi yake wasawa. Mai buluz ba ya wasa kowa, labarin kansa yake bayarwa, ciwon da ke damunsa yake faɗa. A cikin namu, wanda ya fi kusa da wannan hali a ganina shi ne marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, saboda da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya waƙe yaran mota da sauran talakawan da babu mai yi musu kirari. Ta fuskar hannu kuwa, tunda Baba mutumin ƙasar Haɗejiya ne, ina zaton gurmin marigayi Haruna Uji ne ya faɗo masa a rai.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi burge ni. Makaɗan ƙauyen da ka gani ba cike gurbi suke yi ba, su ne bikin. Buluz ba iri ɗaya ba ne, kowane yanki da hannunsa. Na kwarin Misisipi mai nauyi ne, kuma a nan aka shahara da goga wuyan kwalba ko wuƙa a kan tsirkiya har jita ta yi kuka irin na goge. A tuddan arewacin jihar, inda makaɗa irin su R. L. Burnside da Junior Kimbrough suka fito, ana kama amo ɗaya a yi ta maimaita shi har masu rawa su gaji, kuma a wannan yankin ne Othar Turner, wanda ya rasu a 2003 yana da shekara fiye da 90, yake yanka awaki kowace shekara ya tara jama'a a gonarsa, yana busa sarewar da ya yanko da hannunsa, ana bin sa da ganguna. Jikarsa ce ta gaje sarewar. A ƙaramin garin Bentonia akwai wani ɗaurin tsirkiya na daban mai sanyin jiki, wanda Skip James ya shahara da shi, kuma Jimmy Holmes, wanda yake riƙe da wannan salo a yau, yana cikin waɗanda suka kafa bikin garin a 1972, kuma iyayensa sun buɗe shago a garin tun 1948. Na Shikago kuma ɗan cirani ne: lokacin da miliyoyin baƙaƙen fata suka bar kudu zuwa biranen arewa, wani makaɗi ɗan Misisipi mai suna Muddy Waters ya isa Shikago a 1943, ya ga cewa jitar ƙauye ba ta jiyuwa a cikin hayaniyar birni, sai ya jona ta da lantarki, ya haɗa ta da ganga da fiyano da 'yar abar busawa da ake kira hamonika. Shekara guda bayan rasuwarsa, wato a 1984, birnin ya fara bikin buluz na shekara-shekara da ake yi a watan Yuni ba tare da kuɗin shiga ba.

Mai zuwa irin wannan biki yana zuwa ne don ya ji hannun garin a garin. Fitaccen mawaƙi zai iya jin sa a waya ko a rediyo, amma dattijon da bai taɓa barin gundumarsa ba sai an je inda yake.

TAMBAYA: Malam, ina yi maka fatan alheri. Ni mai sayar da kayan ɗinki ce a ƙasar Bichi. Waɗannan ƙananan makaɗa na Amurka, da kiɗan suke ci da kansu?

AMSA: Hajiya, kaɗan ne daga cikinsu. Yawanci suna da sana'ar da suke yi a sauran kwanakin mako, direba ko makanike ko malami, shi ya sa ma ake sanya bukukuwan daga Juma'a zuwa Lahadi. Masu shirya biki suna biyan su daga kuɗin tikiti da gudunmawar 'yan kasuwa da ta hukumar gari, su kuma suna ajiye bokiti a gaban dandamali don masu kyauta, suna sayar da faifai da riguna. Akwai kuma ƙungiyoyin masoya buluz a jihohi daban-daban da ke shirya gasa a tsakanin makaɗan yankinsu, wanda ya yi nasara a tura shi babbar gasar da ake yi a birnin Memfis a farkon shekara, inda masu shirya bukukuwa ke zuwa neman waɗanda za su gayyata. Gari ma yana samun nasa, domin bikin Helena a jihar Akansas, wanda aka fara a 1986 kuma ake yi a watan Oktoba, yana kawo wa masu masauki da masu abinci cinikin da ba su gani a sauran watanni.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, mu matasa ne 'yan ƙungiyar taimakon kai da kai a wani gari da ke ƙasar Gumel. Muna so mu shirya bikin kwana biyu na makaɗan gargajiya na yankinmu bayan girbi, amma wasu sun ce idan ba mu gayyato babban mawaƙi daga Kano ba, babu wanda zai zo. Ina shawara?

AMSA: 'Yan'uwa, masu wannan magana ba su yi lissafi ba. Kuɗin da za ku biya mawaƙi ɗaya daga birni, da motarsa da masaukinsa da kayan sautinsa, zai sallami masu gurmi da garaya da kukuma da kalangu na garuruwa da yawa, kuma kowane ɗayansu zai zo da mutanen garinsu a bayansa. Bikin Greenville a Misisipi, wanda yake cikin mafiya daɗewa a fagen buluz, a 1978 wata ƙungiyar raya karkara ta fara shi, kuma a bayan tirela makaɗan suka tsaya. Ku ma ba baƙon abu za ku kawo ba, kalankuwa ce da kakanninku suka sani, sai dai za ku ƙara mata tsari.

Kada ku ɗauki Asabar da Lahadi don kawai haka ake yi a Amurka. A karkara ranar kasuwa ce take mulki, kuma wanda ya sanya biki ranar Alhamis a ƙasar Gumel ya san Maigatari ce za ta kwashe masa mutane. Ku jira a kai dawa gida, a sayar da riɗi da zoɓo, aljihu ya yi nauyi. Ku fara da mai unguwa da dagaci, su kai ku gaban hakimi, sannan ku sanar da ƙaramar hukuma da 'yan sanda da Hisba a rubuce, ku kuma zauna da limamin gari ku gaya masa abin da za a yi da abin da ba za a yi ba. Wannan ba tsoro ba ne. A Amurka ma mutanen coci sun daɗe suna kiran buluz kiɗan shaiɗan saboda gidajen giyar da ake yin sa a ciki, kuma har yau ana sayar da giya a yawancin bukukuwan nasu, abin da ba shi da mazauni a naku. Ku yi shi da rana, a tsaya lokacin salla, a ware wa mata rumfarsu, a ba masu kiɗan ƙwarya lokacinsu a cikinta, a tashi kafin dare ya yi nisa.

Game da kuɗi, ku yanke sallamar kowane makaɗi tun kafin ranar, ku ba shi rabi a hannu, domin barin dattijo ya dogara da abin da 'yan kallo za su ba shi wulaƙanci ne. Ku ajiye faranti a gabansa maimakon liƙi, saboda dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta watsa naira a wurin biki, kuma an gurfanar da mutane a kan haka a 'yan shekarun nan. Sarkin makaɗan garinku shi ya san wanda ya kamata ya riga wani hawa, don haka ku bar masa jerin, kada ku jawo rigimar girma a tsakaninsu. Ku yi hayar lasifika mai kyau da janareta biyu, ku kuma gargaɗi mai kula da sautin kada ya ƙure shi, domin gurmi ba ya son hayaniya.

Abu ɗaya da nake roƙon ku shi ne ku naɗi sautin. Muddy Waters yana aikin gona ne lokacin da Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya je da na'ura ya naɗi muryarsa a 1941 don ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, kuma da wannan faifan ne aka san yadda hannunsa yake kafin ya tafi birni. Ku nemi izinin kowane makaɗi, ku rubuta sunansa da garinsu da wanda ya koya masa, ku ba shi nasa kwafin a katin waya, kuma idan kun sanya a YouTube har wani abu ya shigo, ku rubuta tun yanzu kaso nawa ne nasa.