Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Masu Awon Ƙafewar Ruwa Ke Saɓawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman ganye da rani a gefen Ikorodu, kuma ina bin labaran sauyin yanayi. Wani rahoto ya ce ƙasa na ƙara bushewa saboda ruwa na saurin ƙafewa, wani kuma ya ce canjin bai taka kara ya karya ba. Rana ɗaya ce ke dukanmu, to ina saɓanin ya fito? Mai karatu daga Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Saɓanin daga ma'auni yake. Ruwan sama tara shi ake yi a auna, amma wanda ke tashi daga gona da tafki ƙiyasta shi ake yi, kuma hanyoyin ƙiyasin sun bambanta.

Hanya ta kusa ita ce bahon awo na ƙarfe, mai faɗin santimita 120.7 da zurfin 25. Ana ɗora shi kan katako, santimita 15 daga ƙasa, a cika shi har saura santimita 5 ya kai baki, kullum safiya a duba abin da ya ragu, a haɗa da ruwan saman da ya zuba. Ƙarfe na ɗaukar zafi fiye da tafki, shi ya sa ake ninka sakamakon da kusan 0.7. Matsalolinsa sanannu ne: tsuntsu ko akuya su sha, gansakuka ta rufe ruwan, ko ruwan Yuni na Legas ya cika shi ya zube, awon ranar ya lalace. Wadda ta fi damunmu ita ce gini. Tashar da ke fili shekaru arba'in da suka wuce, yau benaye sun kewaye ta, iska ta ragu, sai alkaluma su nuna ƙafewa ta sauka alhali unguwa ce ta canza.

Sai lissafi. Na masanin yanayi Thornthwaite, na 1948, zafi da tsawon yini kawai yake dubawa, don haka da zarar zafi ya hau dole ya ce ƙafewa ta hau. Amma ka tuna wankin gidanka: da damina a Agege riga kan kwana a igiya da danshinta, da hunturu kuwa kafin azahar ta bushe ƙayau. Laimar iska ce ta raba su. Lissafin Penman-Monteith, wanda hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa a matsayin ma'auni a 1998, yana haɗa zafi da hasken rana da laima da gudun iska a tsayin mita 2. A 2012 masanin kimiyyar ruwa Justin Sheffield da abokan aikinsa sun sake lissafin fari a faɗin duniya na shekaru 60 da wannan hanya, suka samu ƙaruwar ba ta kai yadda tsohon lissafi ya nuna ba. A ganinmu lissafin Penman-Monteith ya fi cancanta a dogara da shi, muddin bayanan iska da laima na ƙwarai ne.

Don gonarka kuwa, milimita 1 a hekta guda lita 10,000 ce. Idan baho ya ragu da milimita 5 a yini, ninka da 0.7, ka samu 3.5, wato kusan lita 35,000 a hekta, kafin a daidaita da irin ganyen da girmansa.